Kurege da Nutson Ƙwarya Tara

Yaya Tanimu, kai ne mai tatsuniya a gidanmu, mu namu saurare. Tun da ka tafi ba wanda ya karɓa. Yau na haɗa guda. Ga ta nan tafe gare ka, ba sai ka amsa ba.

A wani daji ana tsere duk shekara, daga gindin kuka zuwa bakin kogi a dawo. Ba su da agogo. Kunkuru ne alƙali, yana da kwatarniyar ruwa da 'yar ƙwarya mai huji a gindi. In aka tashi gudu sai ya ɗora ta kan ruwan, in ta nutse ya ɗago ya sake ɗorawa, yana ƙirgawa. Marigayiya Barewa ta taɓa yin tseren nan a nutso tara, da ƙafarta kawai, aka zana ƙahonta a jikin kukar. Shekara goma sha biyu ba wanda ya kamo ta. Kura ce ta fi matsowa, ita ma goma. Sai Zaki ya ce duk wanda ya yi ƙasa da tara, rumbun gyaɗa nasa ne, kuma a kankare ƙahon a zana shi.

Kurege bai damu da zane ba. Rumbun ne ya hana shi sukuni, don kwanansa uku yana tauna ɓawo.

Ya fita bakin titi ya tarar da tayar babbar mota da ta fashe. Ya yanko robar ciki ya ninka ta bakwai, ya cusa tsagin gora a tsakiya, ya ɗaure a ƙafa. Ya taka sau ɗaya sai ga shi a kan reshe.

"Ni ne Kurege na bakin rami," in ji shi, "ƙaramin da ya fi ƙarfin aike!"

Da gari ya waye aka yi gudun gwaji. Kurege bai yi gudu ba, ƙasa ce take ta cilla shi gaba. Nutso goma cif, shi da Kura.

Kura tana haki ta ce, "Kai ɗan ɓarawon gyaɗa, mene ne wannan a ƙafarka?"

"Magani ne, Yaya Kura. Ƙaya ta soke ni."

Zaki ya duba. "Duk ƙafa huɗun?"

"Ƙayar ta yi yawo, ranka ya daɗe."

Kunkuru ya ce doka ba ta ambaci takalmi ba, don lokacin da aka yi ta ba mai shi.

Kura ta ce, "To da Barewa ta sa irin wannan, a nutso nawa za ta yi?"

"A tashe ta a tambaye ta," in ji Kurege.

Kura ta kama shi ta wuya ta ce ita ma a yi mata. Ya ce da girmanta ai robar ciki raini ce. Ya yanko mata ta waje, mai waya, kowane takalmi nauyin turmi. Ta yi godiya.

Sai dai goma ba tara ba ce. A bakin titin nan akwai mai shayin da ke dafa wa direbobi gadagi, wanda in mutum ya sha yake manta gajiya. Kurege ya tsoma gora ya cika. Matsala ɗaya: duk wanda ya ci tsere sai ya yi fitsari an zuba wa tururuwa sun ɗanɗana. In sun haukace, ya sha wani abu.

Da gari ya waye Kurege ya naɗa tsumma a ka, ya liƙa gemun ciyawa, ya ɗauki wani goran daban, ya tafi gidan Hawainiya. Duk dajin ba mai tsabtar ciki kamarta, ƙuda kawai take ci.

"Salamu alaikum, Iya. Boka ne daga gabas. Tun daga nesa na hango ciwon gwiwa."

"Wallahi malam ka gani daidai."

"Cika min goran nan da fitsarinki in je in duba."

Ta cika. Ya yi sauri har gemun ya maƙale a ƙofa.

Da gari ya waye aka taru. Kurege ya shanye gadagi, idonsa ya yi ja, jelarsa ta miƙe. Zaki ya yi ruri aka tashi. Kafin Kura ta ɗaga turmi na biyu, ƙurar Kurege ta kai kogi.

Da ya dawo gindin kuka, Kunkuru ya ce, "Takwas."

"Takwas!" in ji Kurege. "Ni ne na tsere wa matacciya, na bar mai rai a baya! A kawo wuƙa, a zana ni ta gefen dama, ya fi kyau."

Aka kawo wuƙa. Kunkuru ya ce tururuwa tukuna. Kurege ya ce shi mai kunya ne, ya kewaya bayan suri, ya dawo da gora. Aka zuba. Tururuwa suka ɗanɗana. Sai kowacce ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta tsaya tunani, ta kai gaba, ta dawo baya. Ɗaya ta koma koriya.

Kunkuru ya daɗe yana kallo. "Shekara arba'in ina aikin nan. Mai wannan fitsarin ko ni sai in ba shi rata."

Sai ga Hawainiya, tun jiya ta baro gida, da gemun ciyawa a hannu. Ta hango goran.

"Malam boka, ka manta gemunka. Me ka gani a ciki?"

Kura ta iso ke nan a nutso na goma sha bakwai, ƙafafunta duk sun saluɓe. Ta ɗaga Kurege ta jela. Tsoro ya sa ya ba da nasa na gaskiya ba tare da an roƙa ba. Tururuwa suka lasa. Suka kai kogi suka dawo, suna tambayar ko akwai wani aikin.

Kura ta cire takalminta ta kwaɗa masa a ka, ta ƙara. Ya zame ya bar mata rabin gashin jela da takalmansa huɗu. Ta bi shi, ya nufi kogi, kogi ya tare shi, ya juyo ya faɗa rami a gindin kuka. Kunkuru kuwa, da ya ga ana gudu, hannunsa da kansa ya ɗora ƙwarya.

"Bakwai," in ji shi.

Zaki ya ce, "Wannan fa? Ba takalmi."

Kunkuru ya ce, "Akwai gadagi a cikinsa, akwai Kura a bayansa. Barewa ba wanda ya bi ta." Ya mayar da wuƙa kube. Ƙaho ya zauna inda yake.

Daga cikin rami Kurege ya yi ihu, da ƙulu biyu a kai: "Bakwai! Kowa ya ji! Ku zauna da zanenku, ƙaho ba ya ciyuwa!" Ya shinshina ta inda rumbun yake, ya fara haƙa.

Nan ta tsaya, Yaya, kan ɓeran ma na bar maka.

Ran Asabar na je filin makarantarku. Wani ya karya lokacinka na gudun zagaye goma sha biyu da rabi, da takalma masu tudu kamar burodi. Ya yi gudu, ban ce bai yi ba. Ni dai na tuna tafin ƙafarka, yadda Inna ke shafa masa man kaɗanya. Ina tsaye aka goge sunanka daga allo. Ban gaya wa kowa ba tukuna, ko Inna.