Gumin Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta!

Kurege dai, duk gayyar noman da aka kira, sai an sauke ƙwaryar fura yake isowa. Ya tsoma hannu a tulu, ya shafa ruwa a goshi, ya ce, "Wash, yau mun sha aiki!" Dabbobi su dube shi kawai.

Da ciyawa ta rufe gonarsa, shi ma ya kira gayya, ya sa aka dama fura da ɗan geron da ya rage masa. Hantsi ya wuce, rana ta take, gona ba kowa.

Ana sauke fura sai ga su a jere, kowa goshi sharkaf.

Kurege ya ce wa tsohuwar Bushiya, "Inna, ina fartanyoyinku?"

Ta ce, "Ɗan nan, irin noman da ka yi mana muka zo mu rama maka."

Suka shanye, suka yi godiya, suka watse. Idon Kurege ya ciko da ƙwalla. Ya ɗauki fartanya, ya sunkuya shi kaɗai. Ran nan ya yi gumi na gaske har yana ɗiga ƙasa, amma ba wanda ya tsaya ya gani.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ta tafi ta bar mu.