Yadda Wardi Ya Zo da Sunansa

Dalilin da ya sa furen nan mai ƙaya da ƙamshi ake ce masa wardi, sunan da bai yi kama da na rimi ko gawo ko kanya ba, ku gyara zama, yara, ku ji.

A da can ba a san shi a ƙasar nan ba. A wani gari na bakin fadama akwai wata mata ana ce mata Tabawa. Ita da mijinta Nomau suna da lambu, da rani suna shuka albasa da tattasai.

Wata shekara ayarin fataken Larabawa daga Gadamas ya sauka a zangon garin. Da za su tashi, sai suka bar wani tsoho da zazzaɓi ya kayar, madugu ya ce in sun dawo za su biyo ta kansa. Nomau ya ba shi zaure, Tabawa ta ɗauki jinyarsa.

Tsohon ba ya jin Hausa ko kaɗan. Kayansa kuwa ba yawa, sai wata 'yar tukunya cike da ƙasa, da wani tsinken icce a tsaye a ciki, duk ƙaya, ganyensa ya zube. In Tabawa ta kawo masa ruwa, sai ya sha rabi, ya tsiyaya sauran a tukunyar, ya ce a hankali, "Wardi." Ita ta ɗauka sunan wani ɗansa ne yake kira.

Ciwo ya yi ta cinsa. Wata safiya ya turo tukunyar gabanta, ya dube ta, ya sake faɗin kalmar. Kafin la'asar ya cika.

Da aka yi masa sutura, Tabawa ta ɗauki tukunyar ta nufi lambu. Shekarar kuwa rijiya ta ja baya, da ƙyar guga ke cika. Nomau ya tare ta.

"Tabawa, tun kakanni ƙaya sharewa ake yi. Ke za ki dasa ta, har ki ba ta ruwan albasa?"

"Amana ce, Maigida."

"Amanar mutum na sani, kuma mun sauke. Icce fa?"

Ta ce, "Wanda ke kan gargara yana raba ruwan bakinsa da abu, akwai abin da ya sani game da shi."

Suka yi ta ja, har suka tsaya a kan magana ɗaya: ba za ta taɓa ruwan rijiya ba, kuma in gero ya nuna iccen bai nuna amfaninsa ba, Nomau zai tuge shi.

Haka Tabawa ta riƙa ɗaukar tulu zuwa wani tafki can bayan gari. Ta kewaye iccen da kara saboda awaki. Ƙaya ta yayyage mata hannu, matan unguwa suka sa mata suna mai renon ƙaya. In suka tsokane ta, sai ta yi murmushi ta gyara gammonta ta wuce.

Damina ta sauka, iccen ya yi ganye, ya yi rassa, amma ko alamar fure. Gero ya nuna. Nomau ya saɓa fartanya, Tabawa ta bi shi, don ita ta yarda da sharaɗin. Ta tsaya daga bakin shinge, ta kau da kai.

Nomau ya sunkuya zai sara ke nan, sai wani ƙamshi ya tare shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a wurin masu turare. Ya ɗaga ganye da ƙotar fartanya. Ga fure ja wur a ƙarƙashi, ya buɗe, raɓa kwance a kansa. Ya daɗe a tsugune, sannan ya ajiye fartanyar.

"Zo ki gani," in ji shi. "Ke da tsohon nan kun fi ni gaskiya."

Gari ya ɗauka. Ana cikin haka ayarin ya dawo, madugu da dagaci suka zo lambun tare. Dagaci ya shaƙa, ya girgiza kai, ya ce, "Abu irin wannan ba ya zama ba suna. A ce masa furen Tabawa."

Tabawa ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, jinjiri ake raɗa wa suna. Wannan baƙo ne, da sunansa ya zo. Na ji mai shi yana ce masa wardi."

Madugu, wanda ke jin Hausa, ya ce, "A harshenmu na Larabci, ward fure ne. Wanda ya ce wardi, furena ya ce. Daga tsakar gidan matarsa marigayiya tsohon nan ya ciro shi. Duk tsawon hamada, rabin salkarsa iccen nan ya sha."

Tabawa ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce, "To a bar shi haka. Duk wanda ya kira shi, ya zama nasa."

Ta karɓi wuƙa ta yayyanko rassa, ta miƙa wa duk mai so, har matan da suka yi mata ba'a.

Shi ya sa har yau ba a sake masa suna ba. Ruwan da ake tata daga furensa, ruwan wardi ake ce masa. Wani ma in ya haifi 'ya ta shiga ransa, sai ya sa mata Warda. Ku ma duk ranar da kuka ga furen nan a gidan wani kuka ce wardi, ku sani furena kuka ce, kuma mai gidan ba zai yi fushi ba.