Baba Nomau Da Wayar Da Ta Riga Shi Isa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba. Ku saurara da kyau, musamman ku na sahun gaba masu furfura, don da ku nake yau.

Sunansa Baba Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. Amma akwai wani aiki da gari ya bar masa tun yana da ƙarfinsa: in aka yi rasuwa, shi ake aika ya sanar da dangi. Kuma ya iya. Ba ya faɗo wa mutum da magana daga bakin ƙofa. Sai ya yi sallama, ya zauna, ya sa an kira maƙwabta sun kewaye mai gida, sannan ya ce, "Jikin wane ya yi tsanani." Sai ya ga zuciya ta ɗan shirya, sannan ya ce, "Sai haƙuri."

To, sai waya ta shigo gari, babbar nan da ake shafawa. Wata rana 'yar wani dattijo, Malam Ilu, ta rasu wurin haihuwa a ƙauyen da take aure. Aka aiki Baba Nomau ya sanar da shi. Yana tafe da sandarsa, ashe wani ya riga ya saka labarin a zauren da matasan gari suka buɗe a waya, har da hoto. Malam Ilu yana tsakar kasuwa aka miƙo masa waya, aka ce, "Baba, wannan ba 'yarka ba ce?" Nan ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa ya shanye, bai ƙara taka ƙasa da ƙafarsa ba.

Subhanallahi! Jama'a, wannan rashin imani ne ko rashin hankali?

Tsofaffin gari suka taru a majalisa suna tsine wa waya. Babban abokin Nomau, Alhaji Mantau, ya ce, "Nomau, zamaninmu ya wuce. Ka ajiye sandarka ka kama carbi. Wannan abin na yara ne."

Baba Nomau ya ce, "Wa ya ce ya wuce? An yi mini wanka ne? An sa ni a likkafani? Tsinuwarku ta tayar da Ilu? Wallahi ba zan zauna ina kallo ƙarfe yana riga ni shiga gidajen mutane ba. In gudu yake yi, ni ma zan hau shi."

Ya sa ɗansa ya sayo masa wayar. Amma ɗan kullum yana kan hanya wurin fatauci, wa zai koya masa? Babu kowa a gidan da ya iya sai matar ɗan, Shamsiyya. Kun san kunyar da ke tsakanin suruka da uban miji. Yarinyar da ko ido ba ta haɗawa da shi, in ta ji takunsa sai ta shige ɗaki. Shi da kansa ya je ya tsaya a bayan labulenta ya ce, "'Yar nan, yau ke ce malamata. Ki fito." Ta fito ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, tana nuna masa da ɗan yatsa daga nesa. "Baba, in za ku aika saƙon murya, nan za ku danna, ku riƙe, kada ku saki sai kun gama magana."

To ga inda gizo yake saƙa. Baba Nomau ba ya iya fara magana sai ya gama gaisuwa. Sai ya danna, ya yi sallama, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, yaya dabbobi, kafin ya iso ga zance yatsa ya gaji ya saki. Saƙo ya tafi, gaisuwa zalla! Samari suka samu abin dariya, suna tura wa juna, suna kwaikwayonsa a bakin titi. Alhaji Mantau ya ce, "Ka ga irinta ko? Da girmanka ka zama abin wasan yara."

Ya ce, "Su yi ta dariya, ai haƙoransu ne. Ni dai gobe ma zan danna."

Kuma ya danna. Gobe ya danna, jibi ya danna. Ya sa aka saka shi a zauren matasan, shi kaɗai ne tsoho a ciki. Ya bi direbobin tasha da ma'aikatan asibiti ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Ku ajiye lambata. In wani abu ya faru, ni za ku fara kira."

Ku saurara, ga ranar jarrabawa.

Yana gona da hantsi, can bayan gari, waya ta yi ƙara. Wani direba ne. "Baba, Sallau direba ya yi hatsari a hanya, Allah ya yi masa rasuwa. Mutane sun taru, ana ta ɗaukar hoto." Sallau kuwa shi kaɗai ya rage wa uwarsa, Goggo Delu, tsohuwa mai hawan jini, jikokinta kuma kowa da waya a hannu. Tsakanin gonar da gidanta tafiya ce mai nisa ga mai sanda.

Baba Nomau ya buɗe zauren matasa, ya danna, ya riƙe gam. Ya yi sallama kawai, ya ce, "Nomau ne. Abin da ya faru a hanya na ji. Na haɗa ku da Allah, kada wanda ya saka hoto, kada wanda ya buɗe baki, sai na shiga gidan Goggo Delu na fito. Wanda ya riga ni, shi da Allah." Sannan ya kira Shamsiyya. "'Yar nan, ki ɗebi mata biyu ku je ku zauna da Goggo. Ku yi ta hira. Ki karɓe wayoyin yaran gidan." Ya kira mai babur ya zo ya ɗauke shi.

Jama'a, garin nan kaf ya yi shiru. Samarin da ke masa dariya, su ne suka tsaya a bakin lungu suna tare masu zuwa da kuka.

Baba Nomau ya iso, ya yi sallama, ya shiga, ya zauna a tabarma. Goggo Delu ta dube shi, ta dubi matan da suka kewaye ta.

Ya ce, "Goggo, Sallau ya yi hatsari. Jikin ya yi tsanani."

Ta ce, "Nomau, na san wannan zaman naka. Ƙarasa mini."

Ya ce, "Sai haƙuri."

Ta yi salati, ta tafi luu, matan suka tare ta a jikinsu. Ta yi kuka mai yawa, ba zan ɓoye muku ba. Amma da ƙafarta ta tashi ta yi alwala, ta yi wa ɗanta addu'a kafin a ɗauke shi.

To, ku dattawa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Tsufa ba uzuri ba ne na sakin amana. Kuna da hankali, kuna da sanin ya kamata, amma kun naɗe hannu kun bar kayan zamani a hannun yaran da ba a koya musu komai ba, sannan kuna zaginsu. Wanda ya ce "ni na tsufa da koyo", sau da yawa ba tsufa ba ne, girman kai ne, ba ya so a ga ƙaramin yaro ko mace tana gyara masa. Ku sauke wannan. Ku tambaya, a yi muku dariya, ku sake tambaya. Ku kuma samari, kafin yatsanku ya tura labarin mutuwa, ku tuna mamacin nan yana da uwa, kuma ba ta ji ba tukuna. Allah ya sa mu cika da imani, ya sa wanda zai kai wa namu labarinmu ya zama mai tausayi.