Layin da Bamanga Ya Goge

Akwai wani matashi a unguwar Federal Low-Cost, sunansa Bamanga, wanda ke rubuta wa wata ƙungiyar agaji manhajar rabon abinci. Shekarar ta shige mini, amma lokacin ne 'yan gudun hijira ke kwararowa Gombe, hankalin kowa a tashe.

Masu wannan sana'a sukan rubuta gwaji ɗaya, su jera masa misalan gidaje iri-iri, kowanne a layinsa. Inda lissafi ya yi daidai ya nuna kore, inda ya kuskure ya nuna ja.

Bamanga ba ya sa wa misalansa suna, sai lamba.

Abokiyar aikinsa Yusra ta ce, "Malam Bamanga, ka rubuta mana dalla-dalla mana. Gidan mai goyo, gidan da ba miji."

Ya ce, "Ni na rubuta, ni na sani. Aiki muke yi ko tatsuniya?"

Ranar rabo a unguwar Pantami, Bamanga ya yi wa manhajar ɗan gyara da safe, sai layi ɗaya ya yi ja. Ya duba, ya sake dubawa. Shi kansa ya manta wane irin gida ake nufi. Ga motar masara a tsaye, ga mutane cikin rana, ga sojoji na cewa kada taro ya daɗe.

Ya goge layin. Komai ya koma kore, amma kuskuren lissafin na nan a cikin manhajar.

Bayan azahar wata tsohuwa, Inna Asta, ta iso gabansa da jikokinta. Manhajar ta ba ta rabon mutum ɗaya.

"Ɗana, waɗannan fa? Iyayensu ba su tsira ba."

"Inna, haka na'ura ta ce."

Ta ƙulle 'yar masararta a gefen zane, ta ja yaran suka tafi.

Yusra ta ji abin bai yi ba. Ta dawo da layin da ya goge, suka bi lambobin tare. Ashe misalin kaka mai riƙon marayu ne.

Bamanga ya sa buhun masara a keke napep, ya nufi Dawaki inda aka ce ta sauka. Lokacin hana fita na matsowa, mai keke na ƙorafi, shi kuwa ƙofa-ƙofa yake bi yana sallama.

"Don Allah, tsohuwa mai jikoki nake nema."

Duk inda ya tsaya, amsar ɗaya ce: "Wacce daga ciki?"

Darasi: Ka sa wa kowane misali a gwajinka sunan da kowa zai karanta ya gane, har da kai kanka ranar da ka manta. Abin da ba ka gane ba, kada ka goge, ka tambaya. Ku tura wa 'yan'uwa masu rubuta manhaja, Allah ya sa mu amfana.