Wanda Kande Za Ta Nuna

Ku gyara zama, wannan magana ba ta dariya ba ce.

A ƙauyen Rafin Kuka babu asibiti sai an haye kogi. Wata shekara da rani ma'aikatan lafiya suka zo daga birni, suka fara koya wa mutum uku yadda ake ceton mara lafiya kafin a kai shi asibiti: Shekarau wanzami, da Lantana mai ƙosai, da Cindo mai jirgin fito. Suka ce za su dawo su ƙarasa koyarwar. Shiru kake ji.

Da damina ta yi tsakiya, gudawa ta kama Ilu, jaririn wata mata Kande, wanda ta samu bayan ta binne biyu. Surukarta ta ce beli ne, a kira wanzami ya cire, kamar yadda aka yi wa yayyensa. Shekarau ya taɓa maɗigar yaron ya ji ta faɗa, sai ya mayar da askarsa cikin zabira.

"Inna, ba beli ba ne, ruwan jikinsa ne ya ƙare," in ji shi. "In na yanka, jini zai ƙarasa shi."

Tsohuwa ta zage shi tas, ta bi gida-gida tana cewa asibiti ta lalata shi. Tun daga ranar rabin gari suka daina kiransa aski.

Lantana ta baro kaskonta a wuta, ta haɗa ruwan gishiri da sukari. Tana ɗura wa yaron da cokali yana amayarwa, tana sake ɗurawa, har ya buɗe ido. Mijinta ya aiko ta dawo ko ta zauna can gaba ɗaya, ba ta ko ɗaga kai ba. Ita ce kuma ta gane abin ya fi ƙarfinta, sai an yi ƙarin ruwa a asibiti.

Kogi kuwa ya kawo, kowa ya ɗaure jirginsa. Cindo ya tuna an koya musu irin wannan ciwo ba ya jiran ruwa ya janye, ya kwance nasa. Dab da gaɓa jirgin ya daki dutse ya tsage. Ya fito da Kande, ya rungumi yaron ya ruga asibiti da ƙafa. Ilu ya rayu, jirgin da Cindo ke ci da iyali ya tafi.

Da labari ya kai birni, sai ga ma'aikatan lafiyar nan sun dawo, ko kunya babu, har da ɗaukar hoto. Wai gurbi ɗaya ne a makarantar koyon aikin lafiya, sauran biyun an gode musu, su koma sana'arsu. Wace sana'ar? In kuma ba a ba da suna ba kafin motarsu ta tashi, gurbin ya koma wani ƙauye, Rafin Kuka ta tashi a tutar babu. Mai gari, gwanin zamewa, ya ce tunda ɗan Kande aka ceta, ita za ta nuna.

Kande ta dubi mutum ukun nan, takaici ya cika ta.

"Ranka ya daɗe, wanne zan cire a cikinsu in ce da babu shi ɗana zai kai yau?"

Direba ya tada mota.

To jama'a, Ilu na goye a bayanku, motar na shirin tafiya: wa za ku nuna?