Manomin da Ya Ƙi Tone Binnensa

Akwai wani manomi da ƙanensa, gonakinsu iyaka ɗaya. Wata shekara yunwa ta matsa, rumbu ya koma fayau, abin da ya rage wa kowannensu tiya ɗaya ce ta irin gero. In sun ci, babu na shuka. In sun shuka ruwa bai zo ba, an yi biyu babu.

Sai suka yi shawara su yi binne. Ku 'yan birni ba ku san binne ba: shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun sama ba ta yi ko tsawa ba, a rufe, a koma gida a jira. Haka suka yi, kowa a gonarsa.

Kwana goma, sama tas. Kwana goma sha biyar, ko gajimare babu, ga iyali da yunwa. Sai ƙanen ya zo ya ce, "Yaya, mun yi wauta. Tashi mu tono abinmu tun tururuwa ba ta riga mu ba."

Wan ya ce, "Ƙanena, ni ma cikina kuka yake yi. Amma ranar da na take ramin nan da diddigena, geron ya tashi daga nawa. Ba aro na ba ƙasa ba. Bakin alƙalami ya bushe."

Ƙanen ya ɗauki rariyar matarsa, ya wuni yana bin rami rami yana tankaɗe yashi. Abin da ya samu bai cika tafi biyu ba, rabi ma tsakuwa. Aka dama kunu, kowa ya kurɓa sai ƙasa a haƙori.

Bayan kwana uku, da la'asar, hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gonar wan ta tsiro layi layi, gwanin sha'awa. Ta ƙanen kuwa ciyawa ce ta gode. Da kaka ta yi, wan ya ciyar da gida biyu, bai kuwa taɓa yi masa gori ba. Ni dai ina alfahari da wannan mutum!

Ga ma'anar wannan misali. Irin nan ranka ne, ba ka kuwa da wani. Binne shi ne ranar da ka tsaya gaban ikilisiya ka ce, "Na ba Yesu raina." Jiran ruwa shi ne kwanakin da addu'a take kamar ba a ji ba. Magana zarar bunu ce, ba ta komawa. Iyayenmu sun faɗi tasu sau ɗaya, suka sha wuya, ba su janye ba, shi ya sa yau muke zaune a nan da kai a sama.

Kai da za a yi wa baftisma, yi duk tunaninka tun kana bakin rafi. In ƙafarka ta shiga ruwa, ba gudu, ba ja da baya.