Mai Siber da Ya Sayar da Tambarinsa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Dogon Dutsi. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye, kuma ya tuba. Yana da ɗan shagon siber a bakin kwalta, inda matasa ke zuwa buga takardu da aika dosiye, wato takardun neman aiki.

Wata ƙungiya ta 'yan Arewa masu neman aiki ta damƙa masa akwatinta na imel. Duk sanarwar da ta zo, ta ɗaukar ma'aikata ce ko ta konkur, wato jarrabawar shiga aiki, sai ta bi ta hannunsa kafin ta isa ga 'yan ƙungiya, daga Dogon Dutsi har Dumega. Yakan karanta, ya buga waya ya tabbatar, sannan ya rubuta a kai: "An bincika." Mutane suka yarda da kalmar nan kamar yadda suka yarda da idonsu.

To, saƙonnin banza suka dame shi. Wannan ya ce ka ci caca, wancan yana tallar maganin da ba a san tushensa ba. Tankaɗen ya gundure shi. Sai ya je wa shugaban ƙungiyar, Malam Nasiruddeen, da shawara. Ya ce a sa kuɗi: wanda ya biya jaka biyu, saƙonsa zai isa a ranar, babu jira. Ya ce mai shirme ba zai yarda ya biya ba, don haka shirme zai mutu da kansa.

Malam Nasiruddeen ya ce, "Na yarda, amma da sharaɗi. Ko mutum ya biya, sai ka bincika."

Ya ce, "Wannan ai ba sai an faɗa ba, Malam."

Wata biyu na farko abin ya yi kyau. Masu tallar magani suka ɓace. Amma ya 'yan uwa, wa ya fi kowa son biyan kuɗi don a karanta saƙonsa? Malamin lakwal, mai koyar da boko, da ya ga sanarwa ya turo don Allah? A'a. Wanda ya san zai ci riba a jikin mai karantawa, shi ne mai zaro kuɗi da sauri. Maƙaryatan da suka saura ba su da yawa, amma gwanaye ne.

A hankali mutumin nan ya daina buga waya. Kuɗi sun shigo, tambarin "An bincika" ya hau. Saƙon da ba a biya masa ba kuwa sai ya kwana bakwai a kwance, wani ma har lokacinsa ya wuce. Idan zuciyarsa ta tsunkule shi, sai ya ce mata: ni ban yi wa kowa ƙarya ba, isarwa kawai na yi.

Rannan da hantsi ƙanwarsa Maimunatu ta sauka daga motar Kore Mairuwa. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku, tana da takardar aikin jinya amma ba aiki. Ta shigo shagon da fara'a, ta ce ta sayar da awakinta. Wata hukuma ce ke ɗaukar masu jinya, an ce a fara tura kuɗin dosiye, yau ne ƙarshe. Ta miƙa masa wayarta ya taya ta turawa.

Ya dubi saƙon. Ya gane shi. Shekaranjiya ya sake shi, bai ma karanta har ƙasa ba. Mai lambar da ke cikin saƙon sau huɗu yana biyansa, kowane karo da sunan wata hukuma dabam.

Ya ce, "Maimunatu, kar ki tura."

"Don me, Yaya?"

"Ban amince da su ba."

Ta dube shi. "Amma an rubuta an bincika. Ba kai ne mai rubutawa ba?"

Akwai mutane a shagon, kowa ya bar abin da yake yi.

Ta ce, "Ni ka tsayar da ni don uwarmu ɗaya. Sauran fa, wa zai tsayar da su?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta mayar da kuɗinta cikin jaka ta zauna a benci.

Allah Ya ba shi ƙarfin hali a wannan sa'a. Ya zauna gaban ordinatar, wato kwamfutarsa, ya rubuta wa 'yan ƙungiya duka cewa kar kowa ya tura ko dala, tambarinsa ba shi da tushe. Ya saki dukan sanarwar da ya danne. Sannan ya hau kabu-kabu ya tafi gidan Malam Nasiruddeen da kansa, tun ba a neme shi ba.

Mutane da yawa sun tsira a ranar, alhamdu lillahi. Wasu suna tsaye a wurin tura kuɗi saƙon ya same su. Amma ba kowa ba. Wani saurayi, Yasir, tuni ya sayar da babur ɗinsa ya tura kuɗin tun a saƙon baya. Jandarma suka riƙe mai siber ɗin kwanaki. Aka karɓe akwatin daga hannunsa. Ya sayar da kayan shago ya mayar wa waɗanda aka cuta abin da ya sawwaƙa, aka sa wa ƙofar kwaɗo. Mutumin da ake gaisarwa tun daga nesa ya koma mai sunkuyar da kai a kasuwa.

Yanzu yana gonar mahaifinsu. Na same shi a can bana, yana shara kafin damina. Ya ce mini, "Malam, shago ya tafi, suna ya tafi. Amma ranar da na faɗi gaskiya, ji na yi kamar an sauke mini buhu daga ka. Da ƙanwata ta tura kuɗin nan a wani shago, da yanzu ina can ina ci gaba."

Ya 'yan uwa, kuɗi ba sa tace gaskiya daga ƙarya. Sukan nuna mai iya biya ne kawai. Wanda aka ajiye a bakin ƙofa, amana aka ba shi, ba kasuwa ba. Kai mai sa hannu a biro, wato ofis, kai mai tura saƙo gaba a waya ba ka duba ba, idan ka ce "an bincika," shaida ka bayar, kuma za a tambaye ka. Dole sai cutar ta ƙwanƙwasa ƙofar gidanku kafin ka ga cuta ce?

Wannan bawan, an kama shi a duniya, inda ake iya gyarawa. Rahama ce babba.

Allah Ya sa mu farga tun muna da sauran numfashi. Allah Ya mayar wa waɗanda aka cuta da mafi alheri, Ya karɓi tuban mai tuba. Allah Ya kiyaye mu, mu da zuriyarmu, daga sayar da abin da aka ba mu ajiya. Amin.